Ranar da Muka Mai da Kawu Filin Golf

Mu uku ne a ɗakinmu, duk maza, kuma a hannun Kawu muka tashi bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya sa in labarinsa ya taso ba ma iya cewa "ni". Abin da muka yi masa tare muka yi, abin da muka kasa yi masa ma tare muka kasa. Ɗayanmu ne ya riƙe alƙalami, amma da bakinmu duka aka rubuta wannan.

Maganar ta fara ne da hoto. A watan Afrilun 2023, 'yar babbanmu da ke karatun digiri na biyu a Sikotlan ta turo hotonta a zauren WhatsApp na gida. Tana tsaye a kan wata 'yar gadar dutse, ta dunƙule cikin rigar sanyi, bayanta ciyawa ce kore shar a shimfiɗe, ga wasu can suna jan karnuka, ga wata mata tana tura keken jariri. Muka gama tsokanarta a kan rigar, sannan muka miƙa wa Kawu wayar ya ga jikarsa.

Kawu a lokacin shekararsa 75, kuma hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon hagu. Na daman ma likita ya ce tsukewa yake yi daga gefe, kamar mai leƙe ta bakin kwalba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Ya kai wayar dab da hancinsa, ya daɗe yana jujjuya ta. Mun zaci fuskar yarinyar yake nema. Ashe ƙasan ƙafarta yake kallo.

"Kai! Wa ya bar ta ta hau nan?" in ji shi. "Kun san inda take tsaye kuwa? Wannan gadar tun ina yaro nake ganinta a kalandar Turawa. Wannan ai uwar filayen golf ce ta duniya."

Muka tambayi yarinyar, ta turo murya tana dariya. Ta ce babu wanda ya bar ta, domin babu wanda zai hana ta. Tsohon filin garin Sent Andrus ne, kuma na jama'ar gari ne. Akwai takarda tun ta 1552 da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin yin wasa a wurin, kuma yanzu wata hukumar amintattu ce ke kula da shi bisa dokar majalisa ta 1974. A can ne a 1764 aka rage ramukan wasan daga 22 zuwa 18, adadin da daga baya duniya ta bi. Sannan in ba wata babbar gasa ake yi ba, ran Lahadi ba a buga ƙwallo a cikinsa. Ana barin ciyawar ta huta, kowa ya shigo ya sha iska, da ɗan gari da baƙo.

Kawu ya sa muka maimaita masa muryar sau biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Namu ma yana nan, ko rabin awa ba za a yi a mota ba. Ku kai ni in gan shi kafin wannan ɗayan ya rufe. In gaisa da abokina."

Muka haɗa baki muka ce, "To Kawu, in sha Allahu."

Kafin mu faɗi abin da ya biyo bayan wannan "in sha Allahu", bari mu gaya wa wanda bai san Jos ba wane fili ne Kawu yake nufi.

Tsakanin Jos da Bukur akwai Rayfield. Ƙasa ce ta tudu da gangare, ka hau ka sauka, ka sake hawa, a kan tsaunin da ya kai wajen mita 1,200 sama da teku. Ga duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ga dogayen itatuwan turare, ga shingen ƙerana kewaye da gonakin acca da dankali na mutanen Birom. Nan da can kuma sai ka ga jan tudu kusa da tafki mai shuɗin ruwa, ka ɗauka halitta ce, alhali tabon haƙar kuza ne. Turawan kuza ne suka kafa filin golf a nan a 1913, shekara guda kafin a haɗe Kudu da Arewa, kuma shi ake lissafawa mafi tsufa a Najeriya. Iskar wurin da sanyinsa sun yi musu kama da gida.

Kuzar nan ita ta kawo mu ma. Kakanmu na wajen uwa daga ƙasar Katsina aka kwaso shi a diban gwamna, wato aikin tilas da aka yi tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Ingila ta matsu da kuza. Ya zo da ɗan bante da bargo, ya ɗauki kwanon sarki a ka cikin sanyin da bai taɓa sani ba. Da aka sallame su wasu suka koma, shi ya zauna a Bukur ya yi aure. A nan aka haifi Kawu a 1948. Yana ɗan shekara 12, shekarar samun 'yancin kai, ya bi wasu yara zuwa filin golf, wani Bature ya rataya masa jaka a kafaɗa, ya zama kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa sanduna. Uban ya ɗauki ƙasar Bature a ka, ɗan ya ɗauki jakarsa a kafaɗa. Kawu da kansa yake faɗin haka, yana dariya, ya ce shi dai nasa kayan ya fi sauƙi kuma akwai inuwa.

Ranar da ya fara, tare suka fara da wani yaro ɗan Birom daga ƙauyen Du. Mu da muka taso Baban Du muke ce masa, shi kuma yana kiran Kawu "Malam" tun ba a san zai iya karanta wasiƙa ba. Sun yi shekara hamsin suna bin tudu ɗaya. Ko bayan da kasuwar kuza ta rushe a 1985, Kawu ya koma sayar da dankali, Baban Du ya koma gonarsa, ba su fasa haɗuwa a filin duk Asabar ba.

A irin waɗannan Asabar ɗin ne muka san wurin. Kawu yakan ɗora biyu a keke, babbanmu ya biyo a guje. Mu a lokacin wasan bai yi mana ma'ana ba: manyan mutane da tumbi suna bin 'yar farar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, su buga ta nesa, su bi ta, su sake bugawa, har su jefa ta a ramin da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Kawu ne ya zaunar da mu ya warware mana. Ramuka 18 ne, kowane da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 ba, kowace da aikinta, wata ta nesa, wata ta ɗaga ƙwallo sama, wata ta gangara ta a rami. Jakar in ta cika takan haura kilo goma, kuma a kafaɗar kadi za ta yi awa huɗu tana hawa da sauka.

Amma Kawu ya ce ɗaukar jaka jaki ma zai iya. Aikin kadi ido ne. Shi zai bi ƙwallo da kallo har inda ta faɗi, ya riƙe wurin da wata alama, dutse ko kututture. Shi zai tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa. Shi zai ce wa mai gida, "Ranka ya daɗe, ajiye shida, ɗauki bakwai," domin ya san ƙasar rani ta bushe, ƙwallo za ta yi ta gudu bayan ta sauka.

A wancan zamani, kamar a yawancin filayen Arewa, kewayen rami ba ciyawa ba ce irin ta hoton jikarsa. Yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddale, ana ce masa burawun. Kafin mutum ya gangara ƙwallo sai yaro ya ja buhu ko wani ƙarfe ya share masa hanya zuwa ramin. Mun ja wannan buhun ba adadi, muna komawa gida ƙafafu baƙi ƙirin, Inna tana faɗa. In wani ya raina burawun, Kawu yakan tuna masa cewa a kan irinsa aka riƙa buga babbar gasar Najeriya a Ikoyi, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978 kafin ya je ya ci manyan gasannin duniya, Vijay Singh ma ya ci ta a 1988 da 1989.

Doka biyu ya kafa mana. Ta farko, ko ƙwallon zinariya ce ta faɗa tafkin kuza, kada wanda ya bi ta, domin tafkunan nan bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, kuma sun ci yara da yawa. Ta biyu, in muka tsinci ƙwallo a ciyawa muka ga alamar mai ita, sai mun mayar. Wata rana autanmu ya ga ƙwallon mai gidan Kawu ta maƙale a gindin wani dutse, sai ya sa ɗan yatsan ƙafa ya turo ta fili, wai taimako. Babu wanda ya gani sai Kawu. Ya je ya gaya wa mutumin da bakinsa, aka mai da ƙwallon gindin dutsen. A hanyar gida bai dake shi ba. Cewa ya yi, "Wasan nan babu alƙali a bayanka. Inda ta faɗi, nan za ka buga ta. Wanda ya gyara wa ƙwallo zama da ƙafa, gobe zai gyara wa mudu."

Akwai kuma sanda guda da su biyun suka mallaka. Wani Bature da zai koma gida a farkon shekarun 1970 ya rasa wanda zai ba wa a cikinsu, sai ya miƙa musu ƙarfe mai lamba 7 ya ce su raba. Sanda ba ta rabuwa, sai suka raba kwanaki: mako guda a Bukur, mako guda a Du. Duk Asabar mai riƙe da ita zai kawo wa ɗan'uwansa. Da yamma in manya sun watse, sukan tsaya a gefen fili su yi ta buga tsofaffin ƙwallaye da ita, suna musu a kan wanda ya fi.

To, sai abin da ya faru ya faru. Wanda ya zauna Jos bai buƙatar a tuna masa 7 ga Satumba 2001, ko ƙarshen Nuwamba 2008. Waɗannan biyun sun girgiza mu amma ba su tumɓuke mu ba, Kawu ya ci gaba da zuwa. Na Janairun 2010 shi ya iso Bukur da ƙarfinsa. Gidan da aka haife mu ya ƙone, muka fito da kayan jikinmu, wayar Kawu da duk lambobin da ke ciki suka tafi a wutar. Ba mu zo nan don lissafin wa ya fara ko wa ya fi asara ba. Kowane ɓangare yana da kaburburansa, kuma kowace uwa hawayenta ɗaya ne. Mu dai muka tattara muka koma Gangare a cikin Jos, cikin 'yan'uwa, kamar yadda wasu suka tattara suka bar unguwanninmu suka koma cikin nasu. Gari ya rabu kamar an ja layi da reza. Makon da abin ya faru, sandar tana Du.

Daga nan Kawu bai sake taka filin ba.

Yanzu mu koma kan "in sha Allahu" ɗinmu. Da farko mun ce azumi ake yi, bari a yi Salla. Aka yi Salla, sai muka ce ruwa ya sauka, ƙasa da santsi, kada tsoho ya faɗi. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, muka samu sabon dalili. Sai Babbar Salla. Sai labarin tashin hankali daga wajen Mangu, muka ce a bari ƙura ta lafa. Duk dalilan nan gaskiya ne, amma babu ɗaya a cikinsu da shi ne dalilin. Titin Rayfield ba baƙonmu ba ne, muna binsa in aiki ya kai mu, gilashi a rufe, mu yi abin da ya kai mu mu juyo. Abin da ba mu iya ba shi ne sauka daga kwalta, mu shiga lungun ƙauye da hula a ka da tsoho makaho a hannu, mu yi sallama a ƙofar gidan da rabonmu da shi shekara goma sha uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuma ko a tsakaninmu ba mu taɓa furta kalmar tsoro ba. In ɗaya ya kawo uzuri, sai biyun su yi saurin cewa haka ne.

Kawu bai matsa mana ba. Sau biyu ya sake tambaya, daga nan ya bari. Sai dai mun lura in ya zauna a ƙofar gida da hantsi, yakan tsinki wani abu a ƙasa ya watsa sama, ya bi shi da fuska.

A watan Nuwamba na tsakiyarmu ya yi ƙarfin hali ya tambayi wani abokin aikinsa ɗan Du ko ya san gidan wani tsoho da ya yi aikin kadi. Bayan kwana biyu mutumin ya dawo da amsa. Ya san gidan. Tsohon ya rasu a watan Agusta, bayan 'yar gajeriyar jinya. Watan Agusta, lokacin da muke cewa ƙasa da santsi.

Mun yi mako guda muna tura wa juna faɗin maganar. Daga ƙarshe muka shiga ɗakinsa mu uku bayan sallar isha'i, babbanmu ya faɗa. Kawu ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Mun shirya wa faɗa, mun shirya wa kuka. Bai yi ko ɗaya ba. Da ya ɗago sai ya ce, "To. Da kallo na ce ku kai ni, kallo kuwa ana iya ɗaga shi. Yanzu gaisuwar mutuwa ce. Ku gaya mini ranar."

Babu uzurin da ke tsayawa a gaban wannan. Ran wata Litinin a farkon Disamba, hunturu ya sauka, muka sa shi a gaban mota da rawaninsa da bargonsa, muka sa ɗan buhun shinkafa da sukari da sabulu a but, abokin aikin nan ya yi mana jagora a babur.

Abin kunyar shi ne babu abin da ya faru. Muka sauka daga kwalta, muka bi jar hanya tsakanin shingayen ƙerana, yara suka bi motar da kallo kamar yadda namu suke bin baƙuwar mota. Wata mata da itace a ka ta ce mana sannunku da zuwa. Da muka yi sallama, matar marigayin ta fito tana dogara sanda, ta tsaya ta ƙare wa Kawu kallo, sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Malam! Ashe kana da rai?" Ta fashe da kuka. Mu kuma ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayenmu na yarinta, ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Muka durƙusa muka ce, "Mama, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri." Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa da gyaɗa. Ta ce bayan rikicin mijinta ya je Bukur har sau biyu, ya tarar da kango, ya tambaya aka ce wasu sun ce mun koma Bauchi, wasu sun ce Jos. Ya so ya shiga cikin gari ya nema, 'ya'yansa suka hana shi. Ɗanta na biyu yana zaune a gefe, sa'an babbanmu ne, tare muka ja buhu a burawun. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu muka hana shi, Baba. Kullum sai mu ce masa a bari gari ya lafa." Muka dubi juna. Ba mu ce komai ba, domin maganarmu ce ya faɗa, har da lafazinta.

Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Tun kafin a kwance Kawu ya miƙa hannu. Ya shafa kan ƙarfen, ya sa babban yatsa a kan lambar. An goge ta da mai, babu tsatsa ko ɗigo, an sake naɗe mariƙin da robar tayar keke.

"Ya ce in kun zo in ba ku," in ji ɗan. "Ya ce makonku ne, shi ajiya yake yi."

Ɗan marigayin ya gaji uban, a filin yake neman abincinsa. Shi ya shiga ya nemi izini, da yake safiyar Litinin ce babu 'yan wasa sosai, aka ce a shigo da tsoho. Ciyawar gefe ta bushe ta yi ruwan zuma, hazo ya rufe duwatsun nesa, iska tana kaɗa itatuwan turare tana kawo ƙamshinsu. Mu mun ga abubuwa da yawa sun sauya, gidaje sun matso inda da gonaki ne. Kawu bai ga wannan ba. Ya tuɓe takalmansa ya miƙa wa autanmu, ya kama kafaɗar ɗan abokinsa, ya fara tafiya.

Mu da muka zo da niyyar yi masa jagora sai muka koma bin bayansa. Ƙafarsa ta riƙe abin da idonsa ya saki. Yakan ce, "Nan za mu fara hawa," sai ga hawan. Ya ce, "In an kai sama ƙasa za ta zube ta hagu, duk ƙwallon da ta sauka nan sai ta gangara can," ɗan marigayin ya ce har gobe haka ne. A wani wuri ya tsaya ya ce da akwai itace a nan. Aka ce iska ta kayar da shi shekaru da suka wuce. Ya ce, "Allah sarki. Ya ci ƙwallayen mutane."

A kan wani tudu ya ce a ajiye masa ƙwallo. Ɗan marigayin ya ajiye, ya kama kan sandar ya saita masa a bayanta, ya juya masa kafaɗu ya fuskanci gangaren. Kawu ya durƙusa da ƙyar ya tsinki ciyawa ya watsa, ya ji inda ta taɓa masa fuska. Bugun farko ƙasa ya sara, ƙura ta tashi, ƙwallo tana nan. Autanmu ya yi wuf zai gyara mata zama. Kawu ya ji motsinsa ya ce, "Kai, har yanzu ba ka bari ba?" Dariya ta ƙwace mana duka, har da mai hawaye.

Na biyu ya same ta. Ta yi wata 'yar ƙara mai tsabta, ta tashi ba can sama ba, ta sauka ta yi ta gangarawa. Ba ta fi taku saba'in ba.

"Ta karkata dama," in ji Kawu.

"Kaɗan, Baba."

"Na ji a hannuna. Da ubanka na nan da ya ce tsufa ne. Ƙarya yake, tun muna yara nake karkata dama."

Muka bi ta mu biyar, muka same ta a cikin busasshiyar ciyawa, ya sake bugawa daga inda take.

A hanyar dawowa mun yi ta tunanin hoton yarinyar nan. Gaskiya ne filin Rayfield na kulob ne, da membobinsa da ƙa'idojinsa, ba irin na Sent Andrus ba da doka ta ce na gari ne. Kuma mun daɗe muna cikin masu cewa golf wasan masu kuɗi ne, me ya haɗa talaka da shi. Akwai gaskiya a ciki, sanduna da kuɗin shiga ba na mai neman na cefane ba ne. Amma a Sikotlan ɗin nan akwai filayen da ƙananan hukumomi ke riƙe da su, inda direban bas zai biya kuɗi kaɗan ya buga bayan ya tashi aiki. Wasan bai zo da tsada a jininsa ba, yadda aka tsara shi ne. Kuma duk wanda ya ga yadda aka yanka filayen ƙwallon unguwanninmu aka yi filoti, har yaranmu suka koma buga tamaula a kan kwalta tsakanin Keke Napep, ya san darajar a ce gari yana da sauran wuri mai faɗi da ba a gine ba, inda ido zai miƙe, inda ɗan Gangare da ɗan Du za su tsaya a tudu ɗaya ba don kasuwa ko siyasa ba. Da za a samu rana guda a mako da irin waɗannan filaye na garuruwanmu za su buɗe wa kowa, ko don tsofaffi su miƙe ƙafa yara su yi gudu, da an rage wani abu daga nisan da ke tsakaninmu.

Sai dai ba za mu laɓe a bayan wannan ba. Mu babu mai gadin da ya tare mu. Shekara goma sha uku da wata goma sha ɗaya babu wanda ya ce mana kada mu zo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa muka naɗe tamu, su ma suka naɗe tasu, kowa yana jiran gari ya lafa, har mai jiran ya gaji ya tafi. Tsoronmu ba na banza ba ne, mun ga abin da muka gani. Amma wata huɗu kacal ya raba Kawu da abokinsa, kuma waɗannan watannin a hannunmu suke. Wannan ba mu da inda za mu tura shi da ƙafa. Inda ya faɗi, nan za mu buga shi.

Idon Kawu na dama ya ƙarasa rufewa a daminar da ta biyo baya. Sandar tana jingine a bayan ƙofarsa, amma ba kullum ba. Tun a mota ranar nan ya ce mana shi bai karɓi gado ba, makonsa ya karɓa, ran Asabar sai a mayar. Da muka ce Kawu, mai ita ai ya rasu, sai ya ce, "Bai bar ɗa ba?"

Haka muke yi har yau. Wata Asabar ɗayanmu ya kai ta Du, wata Asabar ɗan marigayin ya kawo ta Gangare. Zuwansa na farko a bakin titi ya tsaya ya kira waya, muka fita muka shigo da shi. Yanzu har ƙofar gida yake kawo babur ɗinsa, yaran layinmu suna rige-rigen karɓar masa sandar. Wani lokaci uzuri yakan taso, mako ya zama biyu. In ya kai uku, Kawu zai sa a kira mu, ya tambaya wa ke da ajiyar mutane a hannunsa.